Yadda Ake Haɗa Tawaga a Wasannin Tara Halittu: Jagora ga Masu Wasa a Yamai

A cikin wasannin bidiyo da ake kama halittu, a rene su, sannan a kai su fagen karawa, babu wanda ya kai Pokémon shahara, kuma ƙa'idarsa ta asali tana nan tun da kamfanonin Game Freak da Nintendo suka fitar da bugun farko a Japan a watan Fabrairun 1996: halittu shida kawai mai wasa yake tafiya da su, kowace kuma hari huɗu take riƙewa a lokaci guda. Abin da ya sauya shi ne yawan halittun, domin daga 151 sun kai 1025 a zamanin Scarlet da Violet, kuma wannan yawan ne yake ruɗar sababbin masu wasa a nan Yamai. Matashi zai sa kuɗin intanet a salularsa, ya nemo jerin halittun da aka ce sun fi ƙarfi, ya rubuta shida a takarda, sai ya kai tsakiyar wasa kafin ya gane cewa biyu daga ciki babu su sam a bugun da ke hannunsa, ɗaya ba ta rikiɗa zuwa siffarta mafi ƙarfi sai an yi musaya da wani, ɗaya kuma ba a ganinta sai dab da ƙarshe. Haka zai kammala wasan da halitta guda da ta yi girma fiye da kima, sauran biyar suna biye da ita ba aikin fari ba na baƙi.

Tambayar da ya kamata a fara da ita ita ce: me wannan wasan zai ba ni, kuma a wane lokaci zai ba ni shi? Duk sauran shirin tawaga a kan amsar wannan tambayar yake tsayawa. Sunayen da na yi amfani da su a nan na bugun Ingilishi ne. Wanda yake wasa da Faransanci, kamar yawancinmu, ya riƙa bin lambar halitta a kundin Pokédex na ƙasa baki ɗaya, domin lambar ba ta sauyawa da harshe: Magikarp shi ne 129, Gyarados 130, Gengar 94, Eevee 133.

Aiki na farko: ka san bugun da ke hannunka

Tun farko ana fitar da waɗannan wasanni biyu-biyu, kowane da halittun da babu su a ɗan'uwansa, da gangan domin a tilasta wa masu wasa yin musaya. A bugun Red akwai Ekans, Oddish, Mankey, Growlithe, Scyther da Electabuzz. A bugun Blue kuwa akwai Sandshrew, Bellsprout, Meowth, Vulpix, Pinsir da Magmar. A Scarlet da Violet na 2022 ma haka abin yake: Larvitar da Armarouge na Scarlet ne, Bagon da Ceruledge na Violet. Saboda haka kafin ka ƙwallafa rai a kan wata halitta, ka tabbata tana cikin bugunka, ko kuma akwai wanda ka sani a unguwa ko a makaranta mai ɗaya bugun.

Akwai kuma iyakar da ta fi wannan faɗi. Black da White, waɗanda suka fito a 2010, sababbin halittu 156 kaɗai suke nunawa har sai an gama labarin wasan. Sword da Shield na 2019 sun zo da kundin yanki mai halittu 400, kuma a cikinsu an bar ɗaruruwan tsofaffin halittu a waje baki ɗaya, har sai da ƙarin da aka sayar a 2020 ya dawo da sama da 200. Mutane da yawa sun ji haushin wannan, kuma haushinsu yana da dalili, domin akwai wanda ya shekara goma yana renon halitta ɗaya daga wasa zuwa wasa. Duk da haka, a ganina ƙarancin zaɓi yakan sa mutum ya gwada halittar da da ba zai ko kalle ta ba.

Idan tsohon kaset ka sayo a hannun masu kayan gwanjo, ka gwada ajiye wasa, ka kashe na'urar, ka sake kunnawa tun a gaban mai kaya. Kasetin jabu yakan zubar da abin da aka ajiye, kuma na Gold da Silver na asali ma yana yin hakan idan ɗan batirin da ke cikinsa ya mutu.

Aiki na biyu: ka rubuta lokacin da kowace take samuwa

Wannan shi ne aikin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowane amfani. Ka ɗauki takarda, ka raba wasan kashi uku bisa lambobin yabon da ake karɓa daga shugabannin fage takwas: daga farko zuwa lamba ta uku, daga ta huɗu zuwa ta shida, sannan daga ta bakwai zuwa karawar ƙarshe. A gaban kowace halitta da kake so, ka rubuta abu biyu: kashin da za ka iya kama ta, da matakin girman da take rikiɗa zuwa siffarta ta ƙarshe.

Da zarar ka yi haka, sai ka ga yadda wasu manyan sunaye suke faɗuwa da kansu. Dratini ba ya zama Dragonite sai a mataki na 55. Larvitar ma sai a 55 yake zama Tyranitar, kuma a Gold da Silver ba a samunsa sai a Dutsen Silver, wato bayan an riga an tara lambobin yabo goma sha shida na yankuna biyun da wasan ya ƙunsa. A Black da White, Larvesta sai ya kai 59 yake zama Volcarona, Zweilous kuma sai 64 yake zama Hydreigon, alhali manyan gwanaye huɗu da ake karawa da su a ƙarshen labari halittunsu suna tsakanin 48 da 50 ne. Ma'ana, wanda ya ware gurbi domin Hydreigon zai iya gama labarin bai taɓa ganin siffar da ya yi wahala dominta ba.

Ka kwatanta wannan da Magikarp, kifin da kowa yake rainawa saboda da farko ba ya iya komai sai tsalle. A Red da Blue ana sayar da shi a kan 500 na kuɗin wasan tun kafin a shiga Dutsen Moon, kuma a mataki na 20 yake zama Gyarados, wanda zai yi maka aiki tun daga farkon tafiya har zuwa karawa da zakara. Halittar da za ta yi sa'o'i talatin tana aiki ta fi wadda za ta yi sa'a biyu amfani, ko da ta biyun ta fi ta ƙarfi a lissafi. Shawarata ita ce huɗu daga cikin shidanka su fito daga kashi na farko ko farkon na biyu, a bar gurbi ɗaya, iyaka biyu, ga mai zuwa a makare.

Akwai kuma waɗanda wasan yake ɓoyewa da gangan, kuma dole ka yanke shawara ko sun cancanci lokacinka. A Ruby da Sapphire, Feebas yana cikin ƴan gurabe shida ne kacal na dukan kogin hanya ta 119. A Diamond da Pearl, itatuwa huɗu ne cikin 21 da ake shafa wa zuma suke iya kawo Munchlax, su ma sau ɗaya cikin ɗari. Mai son cika kundi zai iya bin waɗannan bayan ya gama labari, amma bai dace a gina tawaga a kansu ba, musamman inda ake lissafin cajin na'ura da zuwan wuta. Gible kuwa, wanda yake ɓoye a wani kogo ƙarƙashin hanyar kekuna a wannan yankin na Sinnoh, ya cancanci nema, domin yana rikiɗa a 24 sannan a 48.

Aiki na uku: ka dubi abokan karawa, sannan ka dubi dajin da ke kusa da su

Masu tsara waɗannan wasanni sukan ajiye maganin matsala kusa da matsalar. A yankin Kanto, shugaban fage na uku, Lt. Surge, halittun lantarki yake amfani da su, kuma a gefen garinsa na Vermilion akwai kogon da ya cika da Diglett, halittar ƙasa wadda lantarki ba ya taɓa ta ko kaɗan. A Gold da Silver, Miltank ta shugabar fage Whitney ta sa ƴan wasa da yawa kuka, alhali a babban kantin garin na Goldenrod akwai mutumin da zai ba ka Machop, mai nau'in dambe, idan ka kawo masa Drowzee, wanda ake kamawa a hanya ta 34 da ke kudu da garin. A bugun Yellow, inda ake farawa da Pikachu wanda harinsa na lantarki ba ya yi wa halittun Brock, shugaban fage na farko, komai, Mankey mai nau'in dambe yana nan a hanya ta 22 tun kafin a isa wurinsa.

Saboda haka idan ka iso sabon gari, kada ka zarce fagen karawa kai tsaye. Ka zaga ciyayin da ke kowace ƙofar garin, ka shiga gidaje ka yi magana da mutanen ciki, ka jefa ƙugiya a ruwa idan kana da ita. Tun daga Gold da Silver kuma lokaci yana da tasiri, domin Hoothoot da dare yake fitowa, kuma Eevee mai shaƙuwa da ubangidansa Espeon yake zama da rana, Umbreon da dare. Dajin da ka ratsa da azahar ka ga babu komai, ka sake leƙa shi bayan isha'i.

Aiki na huɗu: raba nau'o'i

Da farko nau'o'in halittu da na hare-harensu, irin su wuta, ruwa da lantarki, 15 ne. An ƙara duhu da ƙarfe a 1999, aka ƙara aljana a X da Y a 2013, suka zama 18. Ba sai ka haddace dukan jadawalin ba, amma akwai lissafi uku da ba makawa. Harin da ya dace da raunin abokin karawa yana ninka ɓarna sau biyu. Idan halitta tana da nau'i biyu kuma dukansu suna da rauni iri ɗaya, ɓarnar sau huɗu ce. Idan kuma harin ya yi daidai da nau'in mai kai shi, ana ƙara masa rabin ƙarfinsa.

A nan ne jerin mafiya ƙarfi yake cutar da mutum. Ɗauki Dragonite, Salamence da Garchomp: kowannensu gwarzo ne, amma dukansu ukun harin ƙanƙara yana yi musu ɓarna ninki huɗu, ta yadda halitta ɗaya mai irin wannan harin za ta iya share rabin tawagar cikin juyi uku. Makiyayin Azawak ya san dalilin da ya sa yake haɗa raƙuma da awaki da shanu a dukiyarsa, domin shekarar da ta yi wa shanu tsanani ba lallai ta kwantar da raƙumi ba. Ga yadda ake gwada tawaga a takarda: a jera halittun shida, a rubuta raunin kowace a gabanta, sannan a ƙirga. Duk nau'in da ya bayyana sau uku, akwai gyara; ko dai a sauya ɗaya, ko a tabbata akwai wata a tawagar da za ta iya shiga ta shanye wannan harin.

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da ginshiƙi uku masu rufa wa juna asiri, wato wuta, ruwa da tsiro, sannan a cika sauran guraben da masu kariya ta gaba ɗaya. Halittar ƙasa lantarki ba ya kama ta, mai tashi harin ƙasa ba ya samunta, fatalwa ba ta jin harin dambe ko na gama-gari, ƙarfe ba ya jin guba, duhu ba ya jin harin ƙarfin tunani, aljana kuma ba ta jin harin dodo. Ga misalin yadda biyu suke tallafar juna: Gyarados yana tsoron lantarki ninki huɗu, amma idan akwai Dugtrio, halittar ƙasa, a bayansa, sai a janye shi a tura Dugtrio, harin ya tashi a banza, idan kuma aka auna Dugtrio da ruwa, Gyarados ya dawo ya shanye.

Wani lokaci wasan da kansa ne yake da ƙarancin wani nau'i, kuma bai kamata mai wasa ya ɗora wa kansa laifi ba. A Diamond da Pearl na 2006, zuri'a biyu ce kacal ta wuta kafin ƙarshen labari, ta Chimchar da ta Ponyta, har ta kai Flint, gwanin wuta a cikin manya huɗu, biyu kaɗai daga halittunsa biyar ne na wuta. Sai a Platinum na 2008 aka faɗaɗa kundin zuwa 210, irin su Houndoom da Magmortar suka shigo. A irin wannan hali, ko ka zaɓi Chimchar tun farko, ko ka karɓi Ponyta, ko kuma ka koya wa wata halitta harin wuta ka bar gurbin ga wani nau'i. Abin da ake buƙata shi ne hare-hare ashirin da huɗu da tawagar ta mallaka su kai ga yawancin nau'o'i, ko da halittun kansu ba su kai ba.

Aiki na biyar: bambancin aiki

Halittu shida masu nau'i shida daban-daban za su iya kasancewa aiki ɗaya suke yi, wato kowace mai sauri ce, mai duka, marar juriya. Irin wannan tawaga tana da daɗin wasa har ranar da ta haɗu da wanda bai faɗi a bugu na farko ba. Ka nemi aƙalla guda mai jure duka irin Snorlax ko Lapras, guda mai sa barci ko shanyewar jiki, sannan masu kai hari su rabu tsakanin masu duka da ƙarfin jiki da masu hari na musamman, wato wanda ba na ƙarfin jiki ba, tun da akwai abokan karawa irin Chansey da hari na musamman ba ya yi musu ɓarna sosai amma duka da ƙarfin jiki yana kayar da su nan da nan. A wasannin da suka gabaci Sun da Moon na 2016 akwai ƙarin nauyi, domin sai an koya wa halittu dabarun sare itace, ninƙaya, tashi da ture dutse kafin a wuce wasu wurare. Gara a raba waɗannan a kan halittu biyu ko uku da suka dace da su, kamar ninƙaya ga halittar ruwa, wadda dama hari ne mai ƙarfi.

Aiki na shida: kamu da musaya

Kamu yana da tsari: a rage lafiyar halittar har ta kusa ƙarewa, a sa ta barci ko a shanye mata jiki, sannan a jefa ƙwallo. Harin False Swipe ba ya kayarwa, kullum yana barin ɗigo ɗaya na lafiya, shi ya sa yake da daraja. Ƙwallon Quick Ball a juyin farko ya fi aiki, Dusk Ball kuma da dare ko cikin kogo.

Musaya ce matsalar da ta fi shafar mu. Kadabra, Machoke, Graveler da Haunter ba sa kai siffarsu ta ƙarshe sai sun sauya hannu, kuma musaya ta intanet a na'urar Switch tana buƙatar biyan kuɗin rajistar Nintendo Switch Online, abin da ba kowa ne yake da hanyar biyansa daga nan ba. Musaya ta kusa kuwa kyauta ce, ba ta ma buƙatar intanet: na'ura biyu da kaset biyu a tabarma ɗaya sun isa, kuma kafin a sauke shayi na biyu a fada an miƙa Haunter an karɓo Gengar. Idan za ku sayi wasa kai da abokinka, ku sayi bugu daban-daban. Wanda ba shi da abokin musaya ya duba abin da wasan ya tanada: a Scarlet da Violet akwai mai ba da Haunter a garin Levincia a madadin Pincurchin, kuma yana rikiɗa da isowarsa, a Legends: Arceus na 2022 kuwa akwai wata igiya da ake amfani da ita a maimakon musayar. In babu ko ɗaya, Kadabra da Haunter suna iya kai mutum ƙarshen labari a yadda suke.

A kula da biyayya. Halittar da aka karɓo tana girma da sauri fiye da wadda ka kama da kanka, amma idan ta wuce matakin da lambobin yabonka suka yarda, sai ta riƙa ƙin umarni a tsakiyar karawa. A Scarlet da Violet dokar ta shafi har wadda ka kama da hannunka: marar lamba ko ɗaya, halittar da ya kama sama da mataki na 20 ba za ta saurare shi yadda ya kamata ba. Tun da wasan a buɗe yake, kuma ƙarfin shugabannin fage ba ya bin naka, yana da sauƙi mutum ya kutsa yankin da ya fi ƙarfinsa ya kamo abin da ba zai iya sarrafawa ba.

Ga masu wasa da salula

Yawancin matasanmu ta Pokémon GO, wanda ya fito a watan Yulin 2016, suka san wannan duniyar, kuma a can wurin da kake tsaye a doron ƙasa shi yake yanke abin da za ka samu. Tauros na Amurka ta Arewa ne, Mr. Mime na Turai, Kangaskhan na Ostareliya, mu kuma a Afirka muna da Tropius, mai lamba 357, wanda ɗan wasan Faransa ko Kanada yake marmarinsa. Idan ka kama fiye da ɗaya ka adana, domin ranar da wani ɗan'uwa ya dawo hutu daga waje kana da abin musaya mai daraja. Yanayin sama ma yana da hannu: rana tsaf tana ƙara fitowar halittun wuta, tsiro da ƙasa, ruwan sama yana kawo na ruwa, lantarki da ƙwari, iska mai ƙarfi tana kawo masu tashi, dodanni da masu ƙarfin tunani. Ke nan mazaunin Yamai zai tara na wuta da na ƙasa har su gundure shi, ranakun ruwa na damina su ne damarsa ta tara na lantarki, na ƙanƙara da na ƙarfe kuwa, tun da dusar ƙanƙara ce take ƙara su, sai ya dogara da ƙwai, da karawar taron dangi, da bukukuwan da wasan yake shiryawa lokaci-lokaci. Bakin kogin Isa ya cancanci zagayawa da sanyin la'asar, a tsaya gefe kafin a duba allo saboda ababen hawa.

Reno da juyawa

Daga X da Y, na'urar raba ƙwarewa, wato makin da ke sa halitta ta hau mataki, tana ba dukan tawaga rabo daga kowace karawa, a Sword da Shield kuma ba a ma iya kashe ta. Wannan ya sauƙaƙa abin da a da yake da wuya, wato renon halittu tara ko goma a riƙa juya su gwargwadon fagen da za a shiga. A tsofaffin wasanni dabarar ita ce a sa ƙaramar halitta a gaba, a janye ta a juyin farko, babbar ta gama aikin, su raba ƙwarewar. Ko ta wace hanya, kada tazarar da ke tsakanin babbar tawagarka da ƙaramarta ta wuce mataki biyar. Idan ta wuce, ka mayar da babbar baya na ɗan lokaci. Bayan kowace lambar yabo ta biyu, ka sake ɗauko takardar raunin nan ka ƙirga, domin rikiɗa tana ƙara nau'i: Charmeleon na wuta ne zalla, amma da ya zama Charizard a mataki na 36 ya sami fiffike, harin ƙasa ya daina samunsa, dutse kuma ya koma yi masa ɓarna ninki huɗu, wanda yake nufin daga ranar sai an tanadi halittar ruwa ko ta ƙasa da za ta riƙa shiga a madadinsa duk lokacin da aka fito da mai jifa da duwatsu.